Soron Kaka Ya Sha Kwalliya

Kano, kafin gari ya waye

Tun ladan bai yi kiran assalatu ba na gama ɗaure jakata. Maigidana ya ɗago kai daga matashi ya ce, "Hajara, wai Kusada za ki ko Makka?" Na ce ya koma barcinsa, ni dai ban ga ta barci ba. Ina idar da sallar asuba na fito bakin titi na tari mai adaidaita sahu zuwa tasha.

Bari in fara gaya muku abin da ya fitar da tsohuwa irina da duku-duku, kada ku ce yawon banza na tafi. Kakanmu magini ne. A ƙauyenmu, can gaba da Mawashi a ƙasar Kusada, shi ya gina zauren gidanmu da hannunsa: soro na tubali, rufin azara, bakan gizo huɗu sun taso daga bango sun haɗe a tsakiyar rufi, fuskar soron kuwa zane ne tun daga dakali har zankwayen sama. Soron nan shi ne tallarsa. Duk mai son a yi masa gini, Kaka ba ya dogon surutu, sai ya shimfiɗa masa tabarma a ciki ya bar shi ya ɗaga kai. Kafin mutum ya sauke kansa ciniki ya faɗa.

Yanzu gidan yana hannun yayana, Yaya Mani. Tunda aka shimfiɗa hanya ta ƙofar gidan, babban ɗansa Lawal ya tasa shi gaba, wai a rushe soron a zuba shagunan bulo. Na yi faɗa a waya, na yi lallashi, har kuka na yi. Daga ƙarshe Yaya ya yanke magana, ya ce, "In masu ilimin abin sun zo sun ce yana da wata daraja, a bar shi. In ko ba haka ba, damina na wucewa a kwantar da shi." Sai na nemo Nasiru, tsohon ɗalibina da na koya wa tarihi a sakandare, wanda yanzu yake aiki a gidan adana kayan tarihi a birnin Katsina. Ya ce zai zo ya gani da idonsa. Shi ya taso daga Katsina, ni daga Kano, mu haɗu a Kankia.

Da muka tsayar da rana na kira Yaya na ce, "Don girman Allah kada a taɓa komai. Ko yanar gizo-gizo kada a share. Yadda yake ɗin nan nake so a gan shi." Ya ce, "To, to, Hajo. Allah ya kawo ku lahiya." Ni da na tsufa a aji, na san ɗalibin da ya yi saurin cewa "to" bai ji komai ba. Amma ranar sai basira ta gudu ta bar ni.

Tasha da hanya

Na tarar da ƙaramar bas ta kusa cika, ɗan kamasho yana rantsuwa mutum biyu kawai ake jira. Na biya na shiga. Ina zama sai samari uku suka sulale suka fice. Na ce, "A'a! Malam, waɗannan ina za su?" Ya ce, "Hajiya, bayan gida suka zagaya." Har yau ba su dawo daga bayan gidan ba. Ashe yaran tasha ne da ake zaunarwa don mota ta yi kamar ta cika. Haka muka zauna har rana ta fito ta fara dukan ƙarfe. Na sayi koko da ƙosai ta taga, kokon tsararo, ƙosan kuma na jiya ne aka ɗumama.

Sai wajen ƙarfe takwas muka ɗaga. A Dawanau manyan motocin hatsi sun cushe hanya, muka yi ta rarrafe. Tsakanin Bichi da Tsanyawa na daina ƙirga shingaye. A kowanne direba ya rage gudu, ya miƙa hannu a gaisa, a yi mana fatan sauka lafiya.

Wanda ke kusa da ni wani Alhaji ne mai sayar da kwanon rufi, mutum mai son hira. Ya ce, "Hajiya, biki za a?" Na ce soro zan je gani. Ya ce, "Na sayarwa ne? Filin yana da girma?" Da na yi masa bayani sai ya girgiza kai ya ce, "Allah ya kyauta. Mutane na neman fita daga ginin ƙasa, ke kina biyan kuɗin mota ki koma ciki." Na ce, "Alhaji, a gidanka na bulo da kwano, da zafin nan ina kake kwana?" Ya ce, "A tsakar gida mana." Na ce, "To Kakana a ɗaki yake kwana." Mota ta ɗauki dariya, shi kuwa ya juya wa taga fuska har muka rabu.

Kankia

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Kankia. Na sauka a bakin hanya inda motoci ke lodi, na duba gabas na duba yamma, babu Nasiru. Na kira shi, ya ce, "Malama, ga ni a Charanci." Na samu benci a rumfar mai shayi na zauna. Da zaman ya ishe ni na sake kira, ya ce, "Malama, ga ni nan fa a Charanci." Na ce, "Nasiru, gida ka kama a can?" Tun yana aji ɗaya yaron nan bai taɓa riskar taron safe ba, ban san me ya sa na zaci albashi zai canza shi ba.

Wata Bafulatana ta sauke ƙwaryarta kusa da ni ta dama mini fura. Nonon mai kauri ne, ba a tsinka shi da ruwa ba, furar kuma ta ji kayan yaji. In faɗi gaskiya, duk safiyar nan wannan ne kaɗai abin da ya zo yadda ya kamata.

Da Nasiru ya iso na riga na jera masa faɗa a bakina. Sai ya fito daga motarsa, ƙaton mutum da gemu har da furfura, ya durƙusa a gefen titi yana gaishe ni. Ina zan kai faɗan? Na haɗiye, na shiga gaba, muka kama hanyar Kusada.

A hanya ya yi ta ba ni labarin wurin aikinsa. Ya ce, "Malama, ai mu ginin da muke ciki shi ne babban abin kallo, ba kayan da aka jera a cikinsa ba. Tsohuwar makaranta ce tun zamanin Turawa, amma maginan ƙasar nan ne suka tayar da ita da ƙasa. Bango mai kauri, kana sa ƙafa sanyi ya tare ka. Baƙi su zo kallon takubba da tukwane, su ɓuge da kallon rufi." Ya ce sai dai ginin ƙasa yana son hannu, kowace shekara kafin ruwa a bi shi da yaɓe, a share indararo. Na ce ni zai gaya wa? Muna yara mu ake aika tsintar makuba a gindin ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa da ƙasa, a shafe soron don ruwa ya riƙa zamewa. Daga nan na shiga zuba. Na ce zai ga zanen da ko a birni sai an tona. Na ce zai ga ƙyauren da muna yara sai mun haɗu mu biyu muke tura shi. Jama'a, na cika baki, har da bugun gaban mota.

Kusada da Mawashi

Gonaki duk an share, an jibge taki tsibi-tsibi, ana jiran sama. Can gabas hadari yana ta haɗuwa yana watsewa. Mun yi azahar a Kusada, ni a gidan wata ƙawata ta makarantar firamare, shi a masallaci, sannan muka miƙa.

A Mawashi muka rage gudu saboda awaki, sai wani ɗan acaba ya leƙo ya ce, "Lah, Gwaggo Hajara! Sannu da zuwa! Wallahi yau za ki ga aiki. Kwana da kwanaki ana yi." Na ce, "Wane aiki?" Kafin in rufe baki ya samu fasinja ya ja babur. Na ce wa kaina ƙila rijiya suka yashe, ko dangar bayan gida suka sake. Nasiru ya dube ni, na ce ya kalli hanya.

Ƙofar gida

Sai da muka wuce gidan. Ni da aka binne cibiyata a gidan nan, ni ce na ce wa Nasiru ya ƙara gaba, ya ƙara gaba, har muka kai rijiyar ƙarshen gari. Da muka juyo sai na hango Yaya Mani cikin farar babbar riga yana ɗaga mana hannu biyu, maƙwabta sun jeru a bayansa. Ginin da yake tsaye a gabansa kore ne shar, sumul kamar an goge shi da dutsen guga, an rubuta BARKA DA ZUWA da jan fenti a saman ƙofa. Ƙofar kuma ta ƙarfe ce. Babu zane, ko layi ɗaya. Tun daga dakali har zankwaye an shafe da siminti.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na fito daga mota.

Yaya ya tarbe ni baki har kunne ya ce, "Hajo, kin ga yadda ya koma? Halan ba ki gane shi ba?"

Na ce, "Ban gane shi ba, Yaya."

Ya juya wajen maƙwabta ya ce, "Kun ji ko? Alhamdu lillahi!"

Akwai kwata a gaban dakali, an ɗora mata katako don baƙo ya taka ya haye. Nasiru ya sa ƙafa ɗaya, sai ya janye ta da sauri, ya sunkuya. Ya shafa manyan ƙusoshin maƙera da ke jere a jikin katakon, ya ɗago ya ce, "Malama, wannan fa?" Ƙyauren Kaka ne. Ƙyauren da na gama yi masa kirari a mota, shi aka shimfiɗa a kan ruwan wanke-wanke. Nasiru ya tattare wandonsa ya tsallake kwatar, bai taka ba.

Ciki kuma tsugune ba ta ƙare ba. An shimfiɗa leda a ƙasa, an jera kujerun roba, aka kuma rufe sama da farin silin na roba. Babu bakan gizo, babu azara. Zauren da na sani da sanyi ya koma tanda, ga warin fenti. Aka shigo da dambu da kaji da fura, liman ya yi addu'a, kowa yana yi wa Yaya barka. A gaban baƙo da maƙwabta me zan ce? Na yi ta tura dambu. Takaici ya ishe ni har idona ya ciko, liman ya ce, "Allah sarki, Hajiya ta tuna iyaye."

Mutane na watsewa na miƙe na ɗauki sandar Yaya da ke jingine a lungu. Lawal ya ce, "Gwaggo, lafiya?" Ban kula shi ba. Na zunguri silin ɗin nan da iya ƙarfina, falle guda ya zame ya faɗo, ƙura da kashin jemage suka zubo a kan sauran kajin. Nasiru ya hau kujera, ya kunna fitilar wayarsa, ya zura kai cikin ramin. Ya daɗe yana haskawa, har na zaci wani abu ya same shi. Da ya sauko sai ya ce a hankali, "Malama, ba ki cika baki ba."

Ya sa aka zare falle uku. Ga bakan gizon Kaka nan, baƙi ƙirin da hayaƙin fitilar shekaru, ko tsaga babu. Ga azara an jera ta saɓi-zarce kamar saƙar tabarma. Ga 'yar tasar tagullar da ya manna a inda bakunan suka haɗe, wadda muna yara muke cewa idon soro ce. Nasiru ya yi ta ɗaukar hoto yana gwaji da igiyar awo yana magana shi kaɗai.

Sannan ya fita waje ya ƙwanƙwasa koren bangon da bayan yatsa. Wani wurin ya yi dim, wani wurin ya yi ƙwal kamar ƙwarya. Ya dawo ya durƙusa gaban Yaya ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri, gaskiya zan faɗa. Rufin nan ban ga irinsa a ƙauye ba. Amma siminti da ƙasa ba sa zama inuwa ɗaya. Ƙasa tana shan ruwa ta fitar, siminti ba ya barin ta fitar. Ruwan farko zai sami tsaga ya shiga baya, ya kwanta. Daga waje za ka ga bango lafiya lau, ciki kuwa ya zama kunu. In ba a ɓamɓare shi kafin ruwa ya sauka ba, damina biyu ko uku soron zai zauna. Kuma a yadda yake ɗin nan, ba ni da bakin da zan kai maganarsa ofis."

Lawal ya yi caraf ya ce, "To ka ji, Baba. Gara a rushe shi tun bai faɗa wa wani ba."

Na jira Nasiru ya fita da igiyarsa, Lawal ya bi shi, sannan na juya. Na ce, "Yaya, me na ce maka a waya?"

Ya ce, "Kin ce kada a taɓa komai."

"To?"

"To ai haka kowane baƙo ke cewa, Hajo. In kin ce kada a yi girki, sai mu bar ki da yunwa?"

Wayyo Allah! Nan fa na manta shi ne babba. Na ce garin neman gira ya rasa ido. Na ce Lawal dai da gaskiyarsa ya fito, rushewa yake so, shi Yaya kuwa ya kashe soron da kwalliya. Na ce zanen da ubanmu ya yi ta tattali har ya koma ga Allah, shi ya shafe shi cikin mako guda don a tafa masa. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita a nan ba. Yaya ya tattara babbar rigarsa, ya ɗauki buta, ya ce la'asar ta yi.

Cikin gida

Na shiga ciki ina huci. Matarsa, Yaya Abu, tana tankaɗe a gindin turmi, kuma na san duk ta ji, don muryata ba ta ɓuya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Hajo, kin leƙa turke?"

Na ce, "Me zan gani a turke?"

Ta ce, "Leƙa dai."

Na zagaya bayan rumbu. Shanun huɗar Yaya biyu ne, kowa ya sani, tare suke jan garma tun suna 'yan maruƙa. Guda na tarar, yana tsaye yana tuƙa, ɗaya turken kuwa igiya ce kawai a kwance. Na dawo na ce, "Ina ɗayan?"

Ta ce, "Yana jikin bangon can da kika gama zagi." Ta kaɗe rariya ta ci gaba. "Na hana shi, Lawal ma ya hana shi. Ya ce ƙanwarsa za ta kawo babban mutum daga birni, ba za a ce gidan ubanta kango ne ba. Ya ce kin yi boko kin yi suna, ba shi ne zai sa a raina ki a gaban ɗalibinki ba."

Na samu kujera 'yar tsugune na zauna. Haushin bai tafi ba, wallahi bai tafi ba, sai dai ya rasa inda zai sauka. Ga damina a bakin ƙofa, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. Mutumin nan ya sayar da nomansa na bana don kada in ji kunya, ni kuma na tsaya a zauren ubansa na wanke shi tas.

Nasiru ya koma Kusada ya kwana a wajen wani abokinsa, ya ce zai dawo da safe ya ƙarasa awo, ko ba komai hoton rufin ya rage wa tarihi. Ni na kwana a ɗakin Yaya Abu. An yi tuwon dawa miyar kuka da man shanu, irin wanda nake mafarki a Kano, na kasa cin loma biyar. Yaya bai shigo ba, a dakali aka kai masa nasa.

Washegari

Bayan sallar asuba ina lazimi sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga waje. Na ce shi ke nan, Lawal ya fara. Na zari hijabi na fito ko takalmi babu.

Ba Lawal ba ne. Yaya Mani ne da tsohuwar rigar gona, guduma a hannu ɗaya, guntun ƙarfe a ɗaya, yana bin gefen ƙofa a hankali kamar mai cire ƙaya. Na tsaya a bayansa, bai waiwayo ba. Ya zura ƙarfen, ya ɗan taɓa, sai wani falle mai faɗin faifai ya saki. Ya tare shi da ƙirji. Abin da nake tsoro shi ya faru: zanen ya biyo simintin, ƙasar ta zube a ƙafafunsa kamar gari. Inda zanen dagin da Kaka ya yi yake, sai rami. Na rufe baki na fashe da kuka.

Yaya ya juya fallen zai ajiye, sai ya tsaya. Ya hure ƙurar da ke bayansa, ya goge da hannun riga, ya sake hurewa. Ya ce, "Hajo, zo ki gani."

Dagin yana nan a bayan simintin. Ya fito ras, sai dai inda yake tudu ya koma kwari, inda yake kwari ya koma tudu. Har sawun yatsun Kaka, inda ya ja ɗanyar ƙasa ya lanƙwasa, ga su nan layi-layi. Ashe mai aikin ɗan gaggawa ne, bai tsaya kankare zanen ba, watsa siminti kawai ya yi ya shafe. Tunda nake ban taɓa gode wa Allah a kan ha'incin ma'aikaci ba sai ranar. Yaya ya sa yatsansa yana bin sawun, ya daɗe yana bi. Ya ce, "Yatsunsa gajeru ne, kin tuna? Irin nawa."

Na ce, "Yaya, jiya bakina ya yi tsawo."

Ya ce, "Yau ya fara? Riƙe nan."

Abin mamaki, Nasiru ya zo da wuri. Yana ganin fallen ya ajiye jakarsa a ƙasa ya ce, "Kada a yar da ko ɓallin da ya kai tafin hannu!" Ya sa aka share shigifa, duk fallen da ya fito a kwantar da shi rigingine kusa da ɗan'uwansa, yadda suke a bango. Ya ce in aka sami tsohon magini mai hannu, da waɗannan zai duba ya mayar da zanen. Yaya Abu daga bayan ƙofa ta ce akwai wani dattijo a Tafashiya da har yanzu yake yaɓe, aka ce a tura masa. Maƙwabtan da suka yi barka jiya suka taru suna kallon Yaya yana fasa aikin da suka yi wa barka. Wani ya ce, "Malam Mani, lahiya?" Ya ce, "Lahiya lau. In kana da guduma ɗauko."

Ba duka ne ya fito da kyau ba, kada in yi muku ƙarya. Zanen takobin da ke saman ƙofa ya ruguje gaba ɗaya, daidai inda aka rubuta BARKA DA ZUWA. Ni ma na karɓi ƙarfen na taɓa, kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo. Mutum huɗu suka ciccibo ƙyauren daga kan kwata, aka wanke shi aka jingine a inuwa.

Lawal yana gefe hannu a aljihu. Can ya matso ya ce, "Baba, shi baƙon bai ce ofis za su karɓa ba fa. Maganar shaguna tana nan ke nan?" Nasiru ya ce gaskiya ne, zai kai hotuna ya yi iya ƙoƙarinsa, amma alkawari ba nasa ba ne. Yaya ya sauke guduma, ya share gumi da hula, ya dubi ɗansa ya ce, "Lawal, na sayar da sa na lulluɓe wanga soro, yau ga ni ina tuɓe shi da hannuna gari na kallo. Sannan in kawo masu rushewa? Mahaukaci sau biyu ya isa. Ofis ta karɓa ko ta bari, soron ubana ba ya faɗuwa ina da rai. Ka nemi fili a bakin rijiya." Ya miƙa masa gudumar. Lawal ya zaro hannu daga aljihu ya karɓa.

Komawa

Bayan azahar Nasiru ya sauke ni a Kankia. Yaya Abu ta cusa mini daddawa da kuka da kwalbar man shanu, duk da na ce kada ta wahalar da kanta. A tasha aka ce mutum ɗaya ake jira. Wannan karon sai da na bi fasinjojin ɗaya bayan ɗaya na tambayi kowa ina kayansa, ɗan kamasho ya ce, "Hajiya, ke 'yar sanda ce?" Na ce malamar makaranta ce, ya ce ai ta fi.

Muna wuce Bichi hadari ya haɗe, iska ta taso, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Fasinjoji suna ta hamdala, ni kaɗai nake salati, don rabin bangon a tuɓe na baro shi. Na yi ta neman layin Yaya ba ya shiga. Haka na shiga Kano da magariba, jiƙe sharkaf, zuciyata tana can bayan Mawashi. Maigidana ya dubi hijabina da ya yi fari da ƙurar siminti, ya dubi hannuna, ya ce, "Kallon gini kika je ko leburanci?" Na ce duka biyun.

Alhamdu lillahi da ya kai ni lafiya ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Nasiru, na kuma yafe masa Charanci. Na gode wa Yaya Abu da ta tura ni turke, da Bafulatanar Kankia da furarta. Yaya Mani kuwa ban yi masa godiya ba, don in na yi zai ce na mai da shi bare.

Sai bayan isha'i layin ya shiga. Ya ce can ko ɗigo ba a yi ba, sun rufe bangon da zana da tamfol, kuma dattijon Tafashiya zai zo da safe, har ya aiko a fara jiƙa makuba. Na yi ajiyar zuciya. Sannan na ce, "Yaya, wai yaushe kasuwar shanu ta Charanci take ci?"

Ya gane. Ya ce, "Hajo, kul! Zan ari na maƙwabci in haɗa da nawa. Don girman Allah kada ki wahalar da kanki. Kada ki sayi komai."

Na ce, "To, to, Yaya. Sai da safe."